Salam na Bankin Noma: ya fi shel, amma sai ya zo kafin shuka

Daga Gadarif zuwa Maiurno da Damazin, salam ne babbar ƙofar da kuɗin gwamnati ke bi su kai hannun manomi ta Bankin Noma na Sudan. Banki ya sayi dawarka tun ba ka shuka ba, ya biya ka kan farashin da aka yanka na shekarar, kai kuma ka kawo buhuna bayan girbi. Ya fi shel nesa ba kusa ba, inda ɗan kasuwar ƙauye ke karya wa manomi farashi tsakiyar damina don ya ga rumbu ya ƙare.

Sharaɗin da ya fi burge mu shi ne izalatul gubun: in farashin kasuwa ranar kawo buhuna ya haura na salam da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ana mayar wa manomi da abin da ya ɗoru a kan wannan kashin. Yadda jinai, kuɗin Sudan, ke faɗuwa tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, kada ka sa hannu sai ka gan shi a takarda.

Babban aibinsa jinkiri. Ana shuka dawa a Yuli. In kuɗin man dizal da tarakta suka fito a Agusta, ƙasar Gadarif mai laka ta riga ta jiƙe, tarakta na kafewa, ciyawa ta riga iri fitowa, kuɗin kadib, wato noman ciyawa, ya ƙaru. Wanda ya makara ya bar irin da ke daɗewa, ya koma kan Arfa Gadamak mai saurin nuna.

Sai jingina. Mai mashru'i, wato babbar gonar tarakta, na faddan 1,000 (faddan kusan eka ɗaya ne) yana da takardar fili. Mai bildat, wato ƙaramar gonar gargajiya, na faddan biyar ko goma, irin yawancin mutanenmu, sau da yawa ba shi da ita, sai ya shiga ta ƙungiyar manoma masu lamunin juna. Alhali shi aka ce tsarin ya zo ya ɗaga.

A kula da cek ɗin da ake ajiye wa banki a matsayin lamuni. In ruwa ya ɗauke ka kasa biya, sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 na iya kai mutum kurkuku. Don haka a yi lissafi da damina mai rauni: ardab, ma'aunin hatsi, buhu biyu ne, buhu kusan kilo 90, a ware na ci da na iri tukuna, a biya inshorar gona, sannan a faɗi buhu nawa za a sayar wa banki.