CC BY-SA ko GFDL? Ni dai na ɗanɗana duka biyun

Malam, ka tambayi wane lasisi, wato sharuɗɗan kwafa da raba rubutu, za ka sa wa jagorar nan taka ta koyon manhajar ofis ta LibreOffice da Hausa, CC BY-SA ta ƙungiyar Creative Commons ko GFDL. Sa mata CC BY-SA 4.0 ka huta. Na yi amfani da duka biyun, kuma GFDL ce ta sa na ciji yatsa.

Ita na fara maƙala wa wani ɗan littafina na koyon saka Linux a kwamfuta, shafi goma sha biyu kacal, don na ga gidauniyar Free Software Foundation ce ta fito da ita a 2000 musamman saboda irin waɗannan takardu. Ban karanta sharuɗɗan da kyau ba. Ashe duk kwafin da ka raba, dole cikakken rubutun lasisin ya bi shi, kuma ko ka fassara sai ka haɗa da na Turancin. Ranar da na kai wa mai hotokofi, ya ƙirga shafukan ya ce, "Malam, wannan Turancin na baya ma a buga?" Na ce a buga. Takardar lasisi ta kusa kamo littafin kauri, ɗalibai kuwa babu wanda ya ko leƙa ta. In ka buga sama da kwafi 100 akwai ƙarin sharaɗi na samar da asalin fayil ɗin da za a iya gyarawa. Ba lasisin banza ba ce, amma ta manyan littattafai ce.

CC BY-SA kuwa layi biyu ne a shafin farko: sunanka, sunan lasisin, da adireshinsa na intanet. Kowa na iya kwafa, ya gyara, har ya sayar, muddin ya ambace ka, ya nuna ya yi canji, kuma ya saki nasa a kan wannan sharaɗin. Da na sake fitar da littafin da ita, wani malamin makaranta daga wajen Maraɗi ya ɗauka, ya musanya hotunan allo da na Faransanci yadda ɗalibansa suka saba gani, ya gyara min kurakurai uku da ban lura da su ba, sannan ya turo min ta WhatsApp. Sunana na nan a sama, nasa a ƙasa. Wallahi ranar na ji daɗi.

Wikipedia ma da GFDL ta fara, ta koma CC BY-SA a 2009, ga ta yanzu a kan 4.0. Kenan rubutunka zai iya shiga Wikipedia ta Hausa ba tare da matsalar lasisi ba. Kada dai ka ƙara NC, wato sharaɗin hana kasuwanci da rubutun, wai don hana a ci riba da guminka: Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotuna da fayiloli da Wikipedia ke amfani da ita, ba ta karɓa, kuma mai shagon da zai buga ya sayar wa ɗalibai ka ɗaure masa hannu. Ka kuma sani, in ka saki ka saki, ba a janyewa.

Baka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu cewa ka biya su "yi maka rajistar" Creative Commons har su ba ka satifiket mai tambari. Damfara ce. Babu rajista, babu ko sisin kwabo. Ka shiga shafin creativecommons.org da kanka, ka kwafo layin lasisin, ka liƙa ƙarƙashin sunanka.