Gwajin Lasifikar Laftof a Windows: Abin da Ya Nuna Mini da Abin da Ya Kasa Nunawa

Mafi yawan masu sayen laftof na hannu suna duba batir, da allo, da madannai, amma idan aka zo kan lasifika sai a kunna waƙa na ɗan lokaci a cikin hayaniyar kasuwa, a ji sauti ya fito, a ce lafiya lau. Ni kuwa da yake aikina ya dogara ne a kan sauraren darussa da halartar taruka ta intanet, na ɗauki lokaci na gwada lasifikar laftof ɗin da na saya da kayan gwajin da ke cikin Windows, kuma ina ganin ya dace in bayyana amfaninsu da iyakarsu.

Gwajin ba ya buƙatar a sauke wata manhaja. Idan aka danna maɓallin Windows tare da harafin R, aka rubuta mmsys.cpl, taga za ta buɗe mai ɗauke da jerin na'urorin sauti. A nan sai a danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta (mouse) a kan sunan lasifikar, a zaɓi Test. Kwamfutar za ta buga ɗan amo irin na ƙararrawa ta gefen hagu, sannan ta gefen dama. Wannan rabewa ita ce babbar fa'idarsa, domin waƙa tana fitowa ta gefe biyu a lokaci guda, ta yadda lasifika mai lafiya takan rufa wa mai rauni asiri. A tawa, gefen hagu ya fi ƙarfi sosai, kuma da na shiga sashen daidaita ma'auni sai na tarar an rage na dama zuwa 40 alhali na hagu yana kan 100. Ina mayar da shi, sauti ya daidaita, ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba.

Sai dai amon na Windows gajere ne, kuma ba ya ratsa dukkan matakan sauti. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ya kama daga 20 Hz zuwa kusan 20,000 Hz (Hz ma'auni ne na kauri ko sirantakar sauti), amma lasifikar laftof ƙarama ce ƙwarai, ba a sa ran ta fitar da sauti mai kauri irin na ganga yadda ya kamata, don haka rashinsa ba alamar lalacewa ba ce. Abin da ya kamata a saurara shi ne karkarwa. Na yi amfani da wani shafin intanet mai fitar da amo ɗaya yana hawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, na sa ƙarfin sauti a tsakiya, a cikin ɗaki da dare bayan an kashe janareta. Da amon ya kai matakin muryar namiji mai kauri, sai gefen dama ya fara wani ɗan zuu kamar ƙuda a cikin kwalba, ya ɓace da amon ya wuce. Gwajin Windows bai taɓa nuna wannan ba.

Don in tabbatar da inda matsalar take, na jona abin saurare na kunne a ramin 3.5 mm, na maimaita gwajin, sauti ya fito garau. Wannan ya nuna cewa direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa sauti, da katin sauti lafiyarsu ƙalau, laifin yana jikin lasifikar. Mai gyara ya buɗe ya tarar da ƙura da ɓurɓushin ƙarfe sun taru a kanta, domin maganaɗisun da ke ciki yana jawo ɓurɓushin ƙarfe, ga kuma ƙurar hunturu da ba ta barin ko'ina. Ya share da ɗan buroshi mai laushi, karkarwar ta tafi. Ya kuma gargaɗe ni game da manhajojin da ke ƙara sauti fiye da kashi 100, domin suna iya yaga fatar lasifikar.

A ganina gwajin Windows ya wadatar wajen gano gefen da ya mutu ko ma'aunin da ya karkace, kuma ana iya yin sa a gaban mai shago cikin minti ɗaya. Amma wanda zai biya kuɗi masu yawa ya nemi a ba shi damar gwada amo mai hawa a wuri marar hayaniya, kuma a yi yarjejeniyar mayarwa kafin kuɗi su bar hannunsa.