Damo, guza ko waral: wanne za ka saya ka ajiye a gida?

Tun da 'yan'uwa a nan Jidda suka ji ina kiwon damo a saman bene, tambaya ɗaya suke yi mini: Alhaji, wanne zan saya? Amsata damo ce.

Guza dai kada ka soma. Ɗan jaririnta kyakkyawa ne, baƙi mai ɗigon rawaya, amma tana kai mita 2, tana bulala da wutsiya, tana cizo, kuma sai ka gina mata kududdufi. Ta ruwan Asiya da ake kawowa daga Indonesiya ta fi ta ma girma, daga dodon Komodo sai ita. Ɗan ƙaramin danginsu na Ostireliya da ake kira aki ba shi da laifi, bai cika wuce santimita 70 ba, sai dai tsada, kuma mai son babbar dabba ba zai ƙoshi da shi ba.

Damo kuwa namu ne, tun daga Senegal har Sudan ake samunsa, kuma ba banza aka yi masa kirari da sarkin haƙuri ba. Tsawonsa wajen mita 1. In ya saba da hannunka sai ya kwanta ya yi lamo. Amma haƙurin nan ne ke kashe shi, don ba ya nuna yana wahala sai abu ya yi nisa. A daji abincinsa fara, gyare, ƙadandoniya da dodon koɗi. Mu kuma sai mu dinga ɗura masa ɓera da kaza saboda sauƙi, kitse ya rufe masa hanta, ka ga ya yi ɓulɓul kana murna alhali ciwo ne. Ka ba shi ƙwari da garin kalsiyam. Kejinsa ya kai mita 2.4 a tsawo, 1.2 a faɗi, da ƙasa mai danshi zurfin santimita 60 don ya haƙa rami. Wurin shan zafinsa ya kai digiri 50 a ƙarƙashin fitila, ɗaya gefen kuma da sanyi-sanyi. Danshin Jidda yana taimaka mana, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne abokin gaba: ɗakin da yake aiki dare da rana ba ɗakin damo ba ne.

Masu mafarkin hayayyafa su sassauta. Bambance namiji da mace ma aiki ne, ƙwai kuma yakan yi wata 5 zuwa 6 kafin ya ƙyanƙyashe.

Wannan ne ya kawo ni kan dillalai. Damona na farko, wani ya rantse mini cewa a gida aka ƙyanƙyashe shi. Ban duba ba na biya. Kwana uku sai ga kaska a hammatarsa da gindin wutsiya, likitan dabbobi ya ce cikinsa tsutsa ce fal. Bai yi wata biyu ba. Mafi yawan damon da ke kasuwar duniya daga Ghana, Togo da Benin suke fitowa, ko kamun daji ko ƙwan uwar da aka kamo da ciki. Don haka duk wanda ya ce maka haihuwar gida ne, ka ce ya nuna maka hoton iyayen da na ƙwan. Ka ɗaga dabbar ka duba ƙarƙashinta. In gindin wutsiya ya rame, ido ya faɗa, ko ka ga majina a baki, kada ka saye ta. Wanda ya kwanta shiru a hannunka tun ranar farko ma abin zargi ne, lafiyayyen ɗan damo huci yake yi.

Mafi muni shi ne a kamo waral, wato dangin damo na saharar nan ta Larabawa, a ce maka damo ne. Kama da wane ba ta wane. Damo gajeren kai gare shi mai faɗi, jiki a dunƙule. Waral siriri ne, mai doguwar wutsiya da zane-zane a gicciye. Waral yana rukuni na 1 a yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda Saudiyya ta shiga a 1996, wato an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Damo da guza suna rukuni na 2, sai da takarda. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasa ce ke ba da lasisi ta dandalinta na Fitri, kuma mu baƙi masu iƙama, wato takardar zama, ba mu da bayan ɗaukar tara. Dillalin da ya ce takardar tana hanya, ka ce masa kuɗinka ma suna hanya.