Hannun Inna: Abin da Nake Gani a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Allah Ya sa kaffara ne. Kin ce in duba ko akwai na'urar da za ta tayar mata da hannun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, a nan Birmingham. Ga abin da nake gani a wurin aikina na kula da tsofaffi.

Sun fi mu gaggawa. Da baki ya karkace ko hannu ya saki, lambar gaggawa ta 999 ake kira, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, in toshewar jijiya ce a yi allurar narkar da gudan jini kafin awa huɗu da rabi. Babu mai tambayar kuɗi a bakin ƙofa, ko da yake yawancin baƙi suna biyan kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 a shekara tare da biza. Wannan gaɓar ta wuce Inna, sai mu kama abin da ya rage.

Masu gashin ƙashi na nan sun fahimtar da ni cewa tsokar hannun lafiyarta lau, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isowa. Da farko hannun kan yi laƙwas, daga baya ya fara ƙagewa, gwiwar hannu ta lanƙwashe, yatsu su dunƙule, domin tsokokin da ke naɗewa sun rinjayi masu miƙewa. Akwai wata 'yar na'ura da suke manna wayoyinta a bayan damtse, ƙasa da gwiwar hannu. Na ga wani dattijo yana yunƙurin buɗe yatsu, ido bai ga komai ya motsa ba, amma na'urar ta ji ɗan motsin tsokar, ta ƙara masa lantarki kaɗan, sai ga wuyan hannu ya ɗago. Wanda hannunsa ya sandare sosai kuma akan yi masa allurar Botox, ta sassauta tsokar kamar wata uku.

To amma Yaya, wallahi ba na'urar ce ke yin aikin ba, maimaici ne. A 2023 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a ba mai shanyewar ɓarin jiki atisayen aƙalla awa uku a rana, kwana biyar a mako. Ba kowa ke samu ba, ma'aikata ba su wadata ba, amma manufar ke nan. Kayan da suka fi amfani da su ma duk muna da su a gida. Madubi ake tsayarwa a tsakanin hannaye, a ɓoye shanyayyen a bayansa, tana motsa lafiyayyen tana kallo, ƙwaƙwalwa ta ga kamar mara lafiyar ne ke motsi. Wanda yatsunsa suka fara buɗewa kuwa, safa mai kauri suke sa wa lafiyayyen hannun, dole ya ɗauki kofi da cokali da ɗayan. Wani Ba'amurke, Edward Taub, shi ya fito da dabarar safar. Mu kuwa tausayi ke sa mu ba ta abinci a baki, mu ɗaura mata ɗankwali, hannun ya ƙara mantuwa. Ki zuba mata wake a faranti ta riƙa tsincewa in yatsun sun yarda. Wata uku zuwa shida na farko su ne aka fi samun ci gaba, kada su wuce tana kwance.

Na'urar awon hawan jini zan aiko, arha ne a kantin magani, kuma kada ta bar ƙwayoyinta ko da ta ji garau.

Abu biyu nake roƙo. Kada kowa ya ja ta ta hannun in za a tashe ta. Tsokar kafaɗa ta saki, ƙashin na iya zamewa daga gurbinsa, ciwon kuma ya daɗe. Nan filo suke sa wa a ƙarƙashin hannun ko tana zaune. Sannan gashin ruwan zafi ku yi hattara, fatar ba lallai ta ji zafi ba har ta ƙone. Ku kai ta sashen gashin ƙashi na Asibitin Malam Aminu Kano, ki shiga tare da ita, ki sa su nuna miki atisayen da hannunki don ki riƙa yi mata safe da yamma.