Jirgin Katako ko na Faiba a Kogin Yauri?

Tun hatsarin Warrah na watan Mayun 2021, da jirgi ya kife a yankin Ngaski aka rasa rayuka masu yawa, maganar jirgin ruwa ba ta kwanta a Kebbi ba. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira da a bar jiragen katako a koma na faiba, wato na roba mai ƙarfi da ake haɗawa da zaren gilashi.

Na katako namu ne. Kafinta a bakin ruwa ke haɗa shi, in ya tsage a cusa tsumma a shafe da kwalta, gobe ya koma aiki. Yana ɗaukar buhunan shinkafa da albasa, har da babura. Amma duk wanda ya taɓa shiga tsohonsa ya ga yaron jirgi da ƙwarya yana kwasar ruwa tun daga tashi har sauka. Katako na ruɓewa a ɓoye, in ya ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa sai dai Allah ya kyauta.

Faiba ba ya ruɓewa, ba shi da nauyi, ba ya shan mai sosai. Matsalarsa tsada, kuma masu gyaransa ba su da yawa a nan.

Ni dai ina ganin mutane su hau faiba, kaya su bi katako. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da ikon hanyoyin ruwa a Janairun 2024, ta haramta tafiyar dare, ta wajabta rigar ceto. Ranar kasuwar Yauri ce za ta nuna ko ana bi.