Na ɗanɗana girkin Suwidin a Birnin Kebbi, ga yadda munka ƙare

Akwai wata Anti nan Gesse da ta zauna Suwidin lokacin mijinta na karatu a Uppsala, tun da sunka dawo take ɗan yin girkin can ga wanda ya yi oda ta WhatsApp, ba ta da shago cikin kicin ɗinta take komai. Ƙawata ta daɗe tana cika min kunne da labarin ni ko ina cewa me Bature ya sani ga girki in ba dafa dankali ba. Ranar Alhamis dai na ce bari in gwada in huta da surutu.

Abin da na fara tambaya kafin in tura ko sisi, na ce Anti don Allah kar ki ji haushi, ba dai alade ciki ko? Ta yi dariya ta ce tambayar kowa ke nan, wai gaskiya ne can yawanci naman sa da na alade suke haɗawa su niƙa, amma ita zallan sa take sawa kuma nan kasuwa take sayowa.

Babban abincin sunanshi köttbullar, wai "shotbullar" ake faɗi, ni dai curin nama nake ce mai. Niƙaƙƙen nama ne da albasa da ƙwai da garin burodi da anka jiƙa da madara, a mulmula ƙanana kamar goro a soya da bota. Wanga burodi da madarar su ne sirrin, don ko tsohuwa marar haƙori za ta ci, kana dannawa da cokali yake rabewa. Sai dankalin turawa da anka dame da madara, da wata miya ruwan ƙasa mai kirim, da kokwamba yanka siriri cikin ruwan khal da suga. Sai kuma jam ja a gefe. Jam fa! Kusa da nama! Ina buɗe robar na ce yau ga ikon Allah, na ture shi gefe na fara cin nama da dankali kawai, kuma maganar gaskiya salam na ji shi, maiƙo bisa maiƙo ba yaji ba attarugu, loma huɗu ya fara ginsata. Sai ɗiyata ta dangwala naman cikin jam ɗin ta ce Umma gwada haka. Wallahi kamar an kunna fitila, tsamin nan shi ke yanke maiƙon ya tashi ɗanɗanon naman, ashe ba ado ba ne shi ne yajinsu.

Asalin jam ɗin na wasu 'ya'yan itace ne ƙanana jajaye, lingon, da ke fitowa da kansu cikin dajin can, kuma dokarsu ta ba kowa dama ya shiga daji ya tsinka ko filin ba nashi ba ne, kamar dai yadda yaranmu ke zuwa tsinkar magarya da kanya. To wanda Anti ta zo da shi ya kusa ƙarewa shi ne ta koma yi da zoɓo, ta sa min cokali ɗaya na asalin a 'yar roba daban in gwada. Na asalin yana da ɗan bauri a ƙarshe wanda zoɓo bai da shi, amma in ba a faɗa maka ba ba za ka ce komai ba, nan kam na sara mata.

Maigida ana cikin ci yake ba mu labari wai a 2018 shafin Twitter na ƙasar Suwidin ya ce curin naman daga Turkiyya sarkinsu Karl na 12 ya zo da shi, bayan Rasha ta ci shi da yaƙi a Poltava a 1709 ya gudu ƙasar Daular Usmaniyya ya yi shekaru, masana tarihin abinci kuma sunka ce ba hujja. Shi dai ya riƙe nashi, wai ashe girkin musulmi sunka ara sunka manta yaji a hanya.

Da yake Alhamis ce Anti ta ƙara min miyar busasshen wake rawaya da fanke mai faɗi, wai al'adarsu ce duk Alhamis har barikin soja. Faten wake ne ba manja. Ban sake kallonta ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne kawowa. Ta ce ƙarfe biyu, ɗan kabu-kabu bai iso ba sai bayan la'asar, dankalin ya huce ya daskare kamar tuwon jiya, miyar kuma rabi ta zube cikin leda don murfin robar bai kama ba. Wanga abinci ba irin shinkafa da miya ba ne da ke haƙuri, in ya huce ya tashi daga aiki. Ga kuɗi, faranti ɗaya zai sai maka shinkafa da kaza har biyu, kuma curin takwas na ƙirga.

Amma kanelbulle, wayyo. Burodi ne naɗaɗɗe da kirfa da bota da suga ciki, ƙullun da ɗan kadamon, ƙamshin tun daga zaure. Da shi suke abin da suke kira fika, a ajiye aiki a zauna a sha kofi da ɗan abin taɓawa, har rana sunka ware ma burodin, 4 ga Oktoba. Mu da shayi munka sha bayan magariba, yara har da faɗa kan na ƙarshe.

Na tambayi Anti wancan kifin gwangwani mai wari da nake gani a bidiyo, surströmming, ta ce ko can a waje ake buɗe shi kuma ita ba da ita ba. Na ce mu da munka tashi da daddawa? Ta ce Maman yara ki bari kawai.

Oda ta gaba kanelbulle goma sha biyu, curin nama kuma da kaina zan je in ɗauko da kula. Maigida dai sai da anka ɗumama mai tuwo da miyar kuka kafin ya kwanta.