Haddar fomula ko raba gudu gida biyu?

Ɗalibin fiziks da aka ba shi lissafin abin da aka jefa sama a karkace yana da hanya biyu. Ko ya haddace fomulolin nisa, tsayi da lokaci, ko ya raba gudun gida biyu, na kwance da na tsaye.

Fomula ba ta ɓata lokaci. A ce an harba ƙwallo da gudun mita 20 a sakan, a kusurwar digiri 30, an ɗauki ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi (gravity) a matsayin 10. Ka ninka 20 sau 20, ka ninka da sayin (sine) na digiri 60, wato ninkin kusurwar sau biyu, ka raba da 10: nisan ya zama mita 34.6. Shi ke nan.

Rabawa kuwa sai an ɗan yi gumi. Gudun tsaye 10 ne, na kwance 17.3, kuma shi wannan ba ya canzawa muddin an yi watsi da iska. Ƙwallon na hawa sakan 1, ta sauko sakan 1, sakan 2 sau 17.3, ga dai 34.6 ɗin nan.

To, a mai da mai harbin kan rufi mai tsayin mita 15. Nan fomula ke yin tuntuɓe, domin an gina ta ne bisa cewa inda aka tashi da inda aka sauka tsayinsu ɗaya. Mai hadda zai sake rubuta 34.6 hankali kwance. Mai rabawa zai ga ƙwallon ta yi sakan 3 a iska, ta faɗi kusan mita 52. Ni dai rabawa nake fara koyarwa, fomula ta biyo baya.